Kirim ɗin cakulan na saman kek da batun laushin bota

Na daɗe ina ɗora wa kayan haɗi laifi duk lokacin da kirim ɗin da nake shafa wa kek ya tsinke ko ya yi gudaji, sai daga baya na gane cewa yawancin matsalar tana tasowa ne daga yanayin botar da na fara bugawa. Bota tana narkewa idan zafi ya kai kusan digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma da zarar ta narke ba ta iya riƙe iskar da bugu yake cusa mata, wadda ita ce take sa kirim ya tashi ya yi sakayau. Idan kuma daga firij aka ɗauko ta da tauri, ba za ta haɗu da sukari ba. Abin da ake nema shi ne ta kasance wajen digiri 18 zuwa 20, yadda idan an danna ta da yatsa za ta lotsa amma ba za ta yi maiƙo a hannu ba.

Ma'aunin da nake bi shi ne giram 225 na bota marar gishiri, giram 70 na hodar koko, giram 360 na sukarin aisin (wato sukarin da aka niƙa ya yi laushi kamar gari), cokali uku na madara, da ɗan banila da gishiri kaɗan. Ina buga botar ita kaɗai na tsawon minti huɗu har launinta ya yi haske, sannan in riƙa zuba sukarin da aka tankaɗe kaɗan-kaɗan, domin wanda ya juye shi gaba ɗaya zai sha ƙura a fuska, ya kuma sha aikin goge madafa.

Hodar kokon kuwa ba na zuba ta a bushe. Ina dama ta da madarar bayan na ɗumama ta, in bar ta ta huce sarai kafin ta shiga cikin botar, saboda ɗumin yana fito da ƙamshin kokon, yana kuma hana kirim ɗin yin gari-gari a harshe. Hodar iri biyu ce. Akwai ta asali mai ɗan tsami da launi mai haske, akwai kuma wadda aka sarrafa da sinadarin alkali, mai rage tsami, bisa hanyar da ake dangantawa da gidan Van Houten na ƙasar Holan, waɗanda suka yi rajistar injin matse man koko a 1828. Wannan ta biyun ta fi duhu da taushin ɗanɗano, kuma ita na fi so a kirim, ko da yake kowacce tana yi tunda babu abin da ake jira ya kumbura. Gishirin, duk da ƙanƙantarsa, shi ne yake karya zaƙin sukarin har a ji cakulan ɗin.

Idan kirim ya yi ruwa, minti goma a firij da sake bugu sun fi ƙarin sukari amfani. Idan ya yi kauri, ƙaramin cokali ɗaya na madara ya isa a fara da shi. Kek ɗin ma dole ya huce har cikinsa. Ina fara shafa masa siririn kirim da zai kama ɓurɓushi, in saka shi a firij na minti ashirin, sannan in shimfiɗa na biyun da faffaɗar wuƙa marar kaifi.