Wata shida da ɓerayen rasH2

Lokacin da nake digiri na biyu a fannin guba da magunguna aka tura ni wani lab na yi wata shida ina taya su aikin gwada ko sinadari na jawo cutar kansa (ciwon daji), to a can ne na fara ganin ɓeran da aka saka wa ƙwayar halittar ɗan adam a jiki. Sunansa rasH2, ƙaramin ɓera ne (nau'in da Turawa ke kira mouse), a Japan aka samar da shi, yana ɗauke da ƙwayar c-Ha-ras ta mutum wadda idan ta lalace take ingiza tsirowar ƙari. Wato dama can a bakin gaɓa yake, in sinadari mai jawo kansa ya taɓa shi ba a jimawa za a gani.

Tsohuwar hanya ita ce a yi shekara 2 cur ana ba ɓeraye sinadarin da ake son gwadawa, maza 50 mata 50 a kowane rukuni, kafin a gama wasu sun tsufa ƙari ya fito musu da kansa har ka rasa na tsufa ne ko na magani. Da rasH2 kuwa sati 26 ne, ɓeraye 25 na kowane jinsi a rukuni. Tun 1997 hukumomin magunguna na Amurka da Turai da Japan suka yarda a haɗa irin wannan gajeren gwaji da dogon gwajin manyan ɓeraye (nau'in rat) maimakon dogo biyu, ɗaya na ƙananan ɗaya na manyan.

Abin da ya fi tsaya min a rai wani ƙaramin rukuni ne da ake ba MNU, sinadarin da kowa ya san yana kawo kansa. Wallahi abin ya dame ni, kullum ni ke auna nauyinsu ina kallo suna ramewa, ranar nan dai na kasa haƙuri na ce wa malamina, "Malam, tunda an san abin da zai same su meye amfanin ba su?" Ya ajiye biro ya ce, "Idan sauran suka fito lafiya ƙalau, da me za ka san maganin ne ba shi da illa, ba ɓerayen ne suka daina nuna alama ba?" Shiru na yi. Ni da ina ɗauka in ba a ga ƙari ba shikenan an wanke sinadari, ashe sai ka fara tabbatar da ma'auninka na aiki tukuna.

Daga nan na koma karatu, sai na ci karo da maganar aflatoksin, gubar nan ta fumfuna da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi, abin da mu 'yan arewa muka sani a rumbunanmu. Tana jawo kansar hanta ga mutum, an tabbatar, musamman mai ɗauke da cutar hanta nau'in B. Amma ƙaramin ɓera (mouse) in ya balaga hantarsa na da wani sinadari da ke kashe kaifin gubar da sauri, sai ya sha ya tsira, alhali babban ɓera (rat) kaɗan ke kama shi. Ka ga da ƙaramin kawai aka tambaya da an ce mana ba komai. Har shi ɓeran p53, wani da ake irin wannan gajeren gwajin da shi, wanda aka cire wa kwafi ɗaya na ƙwayar da ke tsare jiki daga ƙari, ya fi gane sinadaran da ke lalata ƙwayar gado kai tsaye, masu bi ta wata hanya kan iya wuce shi.

Ina son wannan fasaha har zuciyata, don rage shekara 2 zuwa wata 6 na nufin magani ya isa ga mara lafiya da wuri kuma an rage yawan dabbobin da ke wahala. Amma yanzu ko rahoton wa aka miƙo min, kafin in duba sakamako sai na buɗe shafin rukunin MNU na ga nawa ne suka kamu, sannan in tambayi wane irin ɓera aka yi aikin da shi.