Fenti da Ƙyalƙyali a Sana'ar Kifin Ƙarya

Ina da ƙaramar rumfa a Yelwan Yawuri, inda ni da yarana biyu muke sassaƙa kifin ƙarya da itacen rimi, mu ɗura masa darma a ciki, mu maƙala ƙugiyoyi, domin masu fatsa da ke neman giwan ruwa da tsage a kogin Kwara da tafkin Kainji. Sassaƙar ba ta ɗaukar lokaci. Fenti ne ke cin rana.

Da farko launin da ya burge ni nake shafawa, har sai da wani dattijo cikin Sarkawa ya juya wani jan kifi da na yi a tafin hannunsa, ya ce, “Malam, wannan kai ka yi wa ko giwan ruwa?” Gaskiyarsa kuwa, domin ja shi ne launin da ya fara ɓacewa idan aka nutsa, ta yadda a zurfin mita 5 ko kusa da haka yakan koma duhu, alhali shuɗi da kore suna daɗewa ana ganinsu.

Ruwanmu kuma kashi biyu ne a shekara. Daga Agusta zuwa Oktoba kogi yana cika da ruwan damina mai laka, wanda kifi ba ya ganin komai a cikinsa sai inuwa, don haka nake yin baƙi wuluk, ko rawaya mai haske da ratsin baƙi. Wajen Disamba kuma sai ruwan da ya taso daga Gini ta Mali ya iso, ya riga ya zubar da lakarsa a hanya, kuma a lokacin ne nake komawa shafa fari a ciki da shuɗi a baya, kamar warangi da sauran ƙananan kifayen da manyan suke farauta.

Ƙyalƙyali shi ne inda muke yawan saɓani da masu saye, domin kowa yana son ya ga kaya suna walƙiya kamar lefen amarya. A ganina mai laushi, ruwan azurfa, shi ya fi kama da ɓawon kifi, kuma gefe biyu kawai nake barbaɗa wa, tun fenti bai gama shan iska ba. Mai manyan ƙwayoyi yana tsini ta cikin shafen ƙarshe, ruwa ya sami kafa, itace ya kumbura, fenti ya ɓare. Ƙyalƙyali mai ruwan zinariya kuwa sai ruwan kogi ya ɗan gurɓace nake sa shi.

Farin fenti nake fara shimfiɗawa, sannan launi, sannan gam mai haɗi biyu wanda yake bushewa garau kamar gilashi. Da hunturu sai mun rufe rumfa da leda, in ba haka ba ƙura ta manne a jiki. Duk da wannan shafe, haƙoran tsage ba sa raga masa. Wanda ya yi kamu uku ko huɗu yakan dawo rumfa duk a karce, mu goge shi da sanfefa, mu sake tun daga farin fenti.