Halb drei ba uku da rabi ba ne

Duk Bahaushen da ya sauka Jamus, kafin a cika masa kai da der, die da das, ƙananan kalmomin da ke nuna jinsin suna a Jamusanci, kamata ya yi a fara koya masa agogo. Bajamushe zai ce maka "halb drei", kunnenka ya tsinci rabi da uku, ka rubuta uku da rabi. Biyu da rabi yake nufi, wato an ci rabin hanya zuwa uku. Ka yi wanka ka fesa turare, ka iso ofis da takardunka, ashe ka makara da awa guda cur, sabon Termin, wato lokacin ganawa, kuma sai bayan makonni. Matar da ke bayan gilashi ba za ta yi faɗa ba, agogon bango kawai za ta kalla. Wallahi gara zagi da wannan kallon.

Maganinsa, ka maimaita mata lokacin da lambobi: "Vierzehn Uhr dreißig?", wato 14:30. Ko ka miƙa biro ka ce "Können Sie das bitte aufschreiben?", a rubuta maka. A gabashin ƙasar da wasu sassan kudu abin ya ƙara rikicewa, "viertel drei" biyu da kwata ne, "dreiviertel drei" kuwa uku saura kwata.

Ƙidaya ma a juye take. 57 "siebenundfünfzig" ne, bakwai da hamsin, mai gaggawa sai ya rubuta 75. Wanda ya zauna a islamiyya nan yake cin riba, don haka Larabci yake ƙirga. In ana karanto maka lambar waya, bar gurbi a hagu, fara rubuta ta dama.

Kwas ɗin da ake yi wa baƙi a Jamus awa 600 ne na harshe, kowace awa minti 45, har matakin B1, wato matsakaicin iya harshe, amma agogo tun a farko ake bi ta kansa a wuce. Kalma goma a rana ta isa, kowace da der ko die ko das ɗinta a kati ɗaya. Babba da ma'aikaci "Sie" ake ce musu, kamar "ku" ɗinmu.

Gaisuwa kam "Hallo" ce, shi ke nan. Sai ranar Lahadi, shaguna a rufe, ake kiran gida a sha ta: ina kwana, ina gajiya, ya sanyi, ya baƙunta, su Baba na gaida ka. Inna ta ce a sake kira bayan la'asar. Tata take nufi, don tamu a watan Disamba tana shiga tun kafin halb drei.