Daga Nima zuwa Aboabo da haushin rafari a cikina

Ban runtsa ba a daren da zan tafi Kumasi sunan ɗan ƙanwata, wasan ƙwallon kwando na Lakers da Celtics na 28 ga Janairun 2023 ne ya riƙe ni. A Boston daren Asabar ne, mu nan Accra sai wajen ɗaya da rabi na dare aka fara, haka dai mai kallon NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, yake fama a Ghana, kowa na minshari kai kana gaban talabijin. Muna bes ɗinmu, wato majalisar da muke hira, a Nima, ataya na kan gawayi, sanyin hunturu na shigowa ta ƙofa, ci 105 da 105, saura 'yan daƙiƙu. LeBron James na Lakers ya kutsa zai zura ƙwallo a kwando, Jayson Tatum na Celtics ya doke shi a hannu, duka fa wanda mu da muke Nima muka gani ƙarara, amma alƙalai uku da ke cikin filin babu wanda ya busa usur. LeBron ya yi ta tsalle har ya durƙusa a ƙasa, Patrick Beverley na Lakers ya karɓi kyamarar wani mai ɗaukar hoto ya je yana nuna wa rafari, aka ba shi tekinikal, wato fawul na rashin ɗa'a. A ƙarin lokaci Celtics suka ci 125 da 121.

Ana idar da sallar asuba na sha koko da ƙose a tsaye, na hau trotro zuwa Circle, na samu babbar bas ta kusa cika. Da muka wuce Pokuase hazo ya rufe ko'ina, a Nsawam mata masu burodi suka yanyame tagogi, ni dai ina ta maimaita bidiyon a waya. Wanda ke gefena ya leƙo ya ce, aboki kai ma Lakers ce? Ashe yaron Asawase ne, waya yake gyarawa a Circle, kuma Celtics yake yi tun lokacin Kevin Garnett da Paul Pierce a 2008.

Bai musa cewa fawul ne ba. Abin da ya ce shi ne, wai ku 'yan Lakers har kuna da bakin kuka da rafari, ku da kullum kuna kan layin firi turo, wato jifan kyauta da ake bayarwa bayan fawul? Muka yi ta kai ruwa rana har Suhum, wata Hajiya a gabanmu ta juyo ta ce yarana ku yi a hankali mana akwai masu barci, muka ba ta haƙuri muka koma raɗa. Kuma maganarsa tana da ƙafa, domin da kakar ta ƙare Lakers ce ta fi kowace ƙungiya ratar firi turo tsakaninta da abokan karawarta. Shi ya sa ni ban yarda cewa NBA ta tsani Lakers ba, kowane magoyin baya gani yake ƙungiyarsa ake zalunta. Abin da na yarda da shi, mutum uku ba za su iya ganin duk abin da ƙatti goma ke yi cikin wannan gudun ba, kuma a daƙiƙun ƙarshe rafari yakan haɗiye usur don kar a ce shi ya yanke wasa. To ai ƙin busawar ma yanke wasa ne.

Mun tsaya a Bunso aka ci abinci, na sayi shinkafa da wake da shito, shi ya sayi soyayyar doya. A nan ne ya tambaye ni don me kocin Lakers bai yi calenj ba. Na ce masa ai inda gizo ke saƙar kenan. Tun kakar 2019 zuwa 2020 aka ba koci damar ya nemi a sake duba hukunci a bidiyo, amma sai abin da aka busa, fawul ɗin da aka ɗora wa ɗan wasanka, ko ƙwallo ta fita waje, ko an taɓa ta tana saukowa kwando. Fawul ɗin da ba a busa ba irin na LeBron, a lokacin babu yadda za ka yi da shi. Ga shi suna da cibiya guda a Secaucus ta jihar New Jersey tun 2014, cike da allon kallo, ana ganin kowane wasa ta kowace kusurwa, mutanen ciki sun gani, duniya ta gani, doka ta ce a yi shiru. Wallahi wannan ya fi kuskuren kansa ci min rai.

Daga Nkawkaw duwatsun Kwahu suka fito ta cikin ƙura, barci ya ɗan sace ni, ban farka ba sai Konongo. Ejisu, sannan cunkoso daga Tech zuwa Anloga Junction, muka sauka Asafo rana ta take. Muka yi musayar lamba da abokin musuna, na hau pragya, wato keke mai ƙafa uku, zuwa Aboabo.

Gida cike da baƙi, mata na ta daka da yankan kuɓewa saboda tuwon gobe, na gaida kowa na ga jariri, Allah ya raya. Bayan isha'i na samu Kawu a ƙofar gida kan benci. Ya daɗe a Bronx ta birnin New York yana tuƙin tasi kafin ya dawo, can ya kamu da son ƙwallon kwando. Na ce Kawu ka ga abin da aka yi mana jiya? Ya ce ɗana, ku yanzu kuka zo. Ya ɗauko min 2002, wasa na shida tsakanin Lakers da Sacramento Kings, inda aka ba Lakers firi turo 27 a kwata ta huɗu kaɗai, suka ci 106 da 102, kuma har gobe mutanen Sacramento ba su yafe ba. Ya kawo Tim Donaghy, rafarin da asirinsa ya tonu a 2007 cewa yana caca a kan wasanni har da waɗanda shi ya busa, aka yanke masa ɗaurin wata 15 a 2008. Kawu ya ce tun daga nan duk usur ɗin da ya ji sai ya tambayi kansa aljihun wa zai cika.

Na ce masa Kawu mutum ɗaya ne fa aka kama. Ya ce ɗaya aka kama dai.

Muna zaune saƙo ya shigo wayata daga yaron Asawase, ƙungiyar alƙalan NBA ta fito ta amsa cewa sun yi kuskure. Dama shugaban alƙalan wasan ya amsa tun a daren, rahoton bitar hukunce-hukuncen mintuna biyu na ƙarshe da NBA take fitarwa tun 2015 shi ma ya tabbatar. Na karanta wa Kawu. To sai me? Ba a mayar da maki ba, ba a sake buga daƙiƙun ba, rashin nasarar tana nan a tebur, kamar a ce maka yi haƙuri bayan an cinye maka tuwo an wanke kwano. Rahoton nan yana da amfaninsa, gara a amsa da a yi ta musu, amma wanda ya hana idonsa barci har asuba a lokacin wasa yake son a gyara.

Sai Kawu ya yi shiru, can ya ce in dai yi a hankali da irin wannan fushin. Ya tuna min 9 ga Mayun 2001 a filin wasa na Accra, wasan ƙwallon ƙafa na Hearts da Kotoko, Hearts ta ci ƙwallaye biyu a ƙarshen wasa, magoya bayan Kotoko suka fusata da hukunci suka fara jifa da kujeru, aka harba barkonon tsohuwa, fiye da mutum 120 suka rasu, da yawa daga cikinsu 'yan Nima ne. Muka yi musu addu'a. Na ce masa shi ya sa nake ganin gyaran doka ya fi komai, a bar koci ya nemi duba fawul ɗin da ba a busa ba ko da a mintuna biyun ƙarshe ne kawai, mutane za su jure jiran minti ɗaya idan sun san gaskiya za ta fito. Kawu ya ce wasan zai yi tsawo, kuma ko a bidiyon ma mutum ne zai duba, ka ga VAR a ƙwallon ƙafa ta hana rigima ne?

Ba mu daidaita ba har aka leƙo aka ce mu tashi a shimfiɗa tabarmi saboda masu zuwa raɗin suna da safe.