Gwara sun tare a gidana

Alhamdulillah yau da asuba na ji kukan 'ya'yan gwara daga cikin akwatin nan da na rataya a jikin darbejiyar tsakar gida, wallahi sai da na tsaya cak da buta a hannu! Tun bazara na sa kafinta ya haɗa min shi, ƙofar 'yar ƙarama kamar santimita 3 don kar manyan tsuntsaye su kutsa, na kafa shi sama sosai inda mage ba ta kaiwa kuma baya kallon ranar yamma, sannan kullum ina zuba ruwa a kasko. Wata biyu shiru, sai da damina ta sauka na ga uwar tana shiga da busasshiyar ciyawa a baki. Unguwarmu duk an sare tsofaffin bishiyoyi masu kogo, to ina za su kwana?