Yarinyar da ba ta amsa sallama

Ranar Talata da la'asar Baba ya shigo rumfata ta cajin waya ransa a ɓace, ya dangwarar da 'yar wayarsa mai tocila a kan teburi ya ce, "Kai duba min, wace yarinya ce wannan da za ta kira dattijo ana mata sallama ba ta amsawa?" Ashe yana gona ne yana maimai, rigarsa na rataye can jikin gawo, wayar ta ɗau ƙara, ya yar da fartanya ya taho da sassarfa yana tsallake kunya-kunya saboda Yayanmu yana Legas ci-rani kuma matarsa na da tsohon ciki, kowa a gidan kunnensa na kan waya. Yana ɗauka sai muryar mace tana ta zuba Turanci da kiɗa a ƙasa, ya yi sallama sau uku ko ta kula.

Na ce Baba ai ba mutum ba ce, murya ce aka naɗa. Kwamfuta ake loda wa lambobin mutane jibgi guda ta dinga bugawa da kanta, duk wanda ya ɗaga ta sakar masa, ba ruwanta da ko kana sallah ko kana makabarta. Kuma mugun abin shi ne wajen da take cewa danna ɗaya, mutanenmu da yawa garin neman kashewa suke dannawa, shikenan an jona ka da waƙar kira ko wani abin da ba ka san shi ba, ka sa katin ɗari biyu da safe kafin azahar ya zama ɗari da hamsin. A rumfar nan tawa tsakanin Gumel da Maigatari wallahi babu satin da ba a kawo min irin wannan ƙarar, yawanci tsofaffi da matan aure ta hannun yaransu.

To doka dai akwai, wannan ba ƙarya. Tun 2016 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fito da lambar 2442. Ka rubuta STOP ka tura mata a kowane layi kake, kyauta ne, sai a rufe maka tallace-tallacen da ba ka nema ba. In ka tura HELP za a jero maka rukuni-rukuni ka zaɓi wanda kake so ya dinga shigowa, kamar na banki ko lafiya ko ilimi, STATUS kuma ya nuna maka ko rufewar ta hau. In ka kai kuka wajen kamfanin layinka ba su share maka hawaye ba, akwai 622, layin kai ƙara na NCC da za ka kira, shi ma ba a cire ko kwabo. A 2023 kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan mutane, wadda ta ba ka ikon cewa kar a yi amfani da lambarka wajen talla.

Na tura wa Baba STOP ɗin a gabansa, kuma gaskiya yana rage abin sosai, na gani a wayoyi da yawa. Amma abin da ke cin raina, me ya sa sai mutum ya roƙa kafin a ƙyale shi? Baba ya yi karatun allo, ajami yake rubutawa tsaf, amma ina shi ina rubuta STOP da boko? Da wanda yake son talla ne zai nema, sauran a bar su su huta, ai da an gama magana. Ko a Amurka dokarsu ta 1991 cewa ta yi sai da yardar mutum kafin a buga masa naɗaɗɗiyar murya a wayar hannu, a 2003 suka ƙara da rajistar waɗanda ba sa son kiran 'yan talla, duk da haka ba su tsira ba, balle mu da ko caji sai mun biya, kowane kiran banza batirin talaka yake ci.

Sannan 2442 kamfanoni masu lasisi kawai take ɗaurewa. Ɗan damfarar da zai kira ya ce an rufe maka asusu ka karanto lambobin katinka, wannan ba ya jin STOP, sai dai ka kashe ka toshe shi, kuma dan Allah kar ka ba kowa lambar sirrinka ko da ya rantse daga banki yake.

Yanzu duk ranar Alhamis da mutane ke wucewa kasuwar Maigatari, wanda ya ajiye waya a wajena sai na tambaye shi ko in tura masa, ba na karɓar komai. Shi kuwa Baba tun ranar ya ɗau alwashin lambar da bai sani ba ba zai ƙara ɗagawa ba. Daren Juma'a wata baƙuwar lamba ta kira shi sau biyar yana kallonta, sai da safe ni aka same ni, ashe Yaya ne ya ari wayar maƙwabcinsa daga asibiti, an samu ɗiya mace tun ƙarfe goman dare.