Abin da ɓerayen NOD suka koya mini game da garkuwar jiki

A Japan aka samo wani jinsin ɓeraye da ake kira NOD (gajarcen Turanci na "masu ciwon suga marasa ƙiba"), aka bayyana shi a 1980. Ba su da ƙiba, ba a ɗura musu zaƙi ba, amma ciwon suga irin nau'in farko na kama su haka kawai, matansu ma sun fi kamuwa. Tun suna 'yan makonni uku zuwa huɗu sojojin jikinsu ke fara yi wa ƙwayoyin beta ƙawanya, wato masu yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, a cikin fankiriyas da ke bayan tumbi, sai bayan wata uku ko fiye suga ya bayyana a fitsari. A kansu na rubuta takardar semina lokacin da nake karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti a Gusau, ko da yake a mujallu kawai na san su.

Saitokin aka ce in bincika, 'yan sinadaran da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna saƙo da su. Littafin aji ya raba su gida biyu: masu hura wutar kumburi, irin su TNF da IL-1 da intaferon gama, sai masu kashe ta, irin su IL-10. Ɓerayen nan ba su san da wannan rabo ba. In aka yi wa jariransu allurar TNF, ciwon kan zo da wuri. In manya aka yi wa, sai ya kare su. IL-10 da ake yabo, da aka sa ƙwayoyin fankiriyas su riƙa yin sa da kansu, ciwon ƙara gudu ya yi. Intaferon gama kuwa an cire shi ɗungurungum daga jikin wasu ɓerayen, ciwon ya ɗan yi jinkiri, ya kuma zo.

Malamin da ya duba aikina ya zagaye sakin layi guda da jan biro, ya ce, "Malama, bar batun mugu da nagari. Gaya mini yaushe, a ina, kuma nawa." Batun nawa ɗin ya fi kama ni. IL-2, shi ma saitokin ne, kaɗan daga cikinsa yakan farfaɗo da wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira T, masu tsawatar wa 'yan'uwansu, har a 2010 aka nuna ya warkar da wasu ɓerayen da ciwon bai daɗe da kama su ba. In ya yi yawa, ƙwayoyin garkuwa masu kai hari yake zugawa.

Ɓera dai ba mutum ba ne. Magungunan toshe IL-1 da aka gwada a jikin mutane, sakamakonsu ya fito a 2013 babu abin a zo a gani. Maganin Teplizumab da Amurka ta amince da shi a 2022, ƙwayoyin T yake taɓawa kai tsaye, kuma jinkirta ciwon yake da kamar shekara biyu.

Shi ya sa in na ji mai lasifika a kasuwa yana tallar tsimin da "ke ƙara garkuwar jiki, ya kashe suga", raina kan ɓaci. A nau'in farko na ciwon suga, wanda ya fi kama yara, garkuwar ce da kanta ta yi ɓarnar. Me za a ƙara mata? Na ga uwa ta ƙulle kwalbar insulin ɗin ɗanta a leda ta binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa saboda zafin bazara da rashin wuta. Ita nake gaya wa, "Inna, ko wa ya ba ki magani, kada ki tsayar masa da allurar nan." Kwana kaɗan babu ita na iya kai yaron ga amai da numfashi sama-sama, har suma.